Rumfar Aro Da Shagon Kanki: Amsa Ga Mai Sayar Da Turaren Wuta A Intanet

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da turaren wuta da humra daga gida a nan Kano, shekara huɗu ke nan, kuma duk cinikina a Instagram da WhatsApp nake yin sa. Wani yaro ɗan unguwarmu ya ce in ba shi kuɗi ya buɗe mini shafin yanar gizo, wai ciniki zai ninka. Sannan na sha danna Boost, maɓallin nan na tallan kuɗi a Instagram, ina biya, sai dai in ga laik ya taru, ba mai saye. In ba shi ya yi shafin, ko asara ce? Da me ya kamata in fara?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a nema.

Sana'ata ke nan gina shafukan yanar gizo, da ita nake ci da iyalina, amma gaskiya ɗaya ce: shafi shi kaɗai ba ya ninka ciniki. Wanda duk ya ce miki daga an buɗe shafi masu saye za su yi ta tururuwa, ko dai bai san aikin ba, ko kuɗinki yake hange. Shafin da ba a tallata ba kamar shago ne a ƙarshen lungun da ba ya ɓullewa, komai kyan fentinsa ba mai ratsawa. Duk da haka ba zan ce kada ki yi ba. Kina bukatarsa, sai dai dalilin daban ne da wanda yaron ya faɗa miki, kuma akwai abubuwan da suka riga shi a layi.

Ko kin tuna ranar Litinin 4 ga Oktoba 2021? Bayan la'asar Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya a duniya, kusan awa shida, sai da dare ya yi nisa suka dawo. Dukkansu na kamfani ɗaya ne, wanda yanzu ake kira Meta, shi ya sa suka faɗi tare. A shekarar ce kuma gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter daga 5 ga Yuni, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. Waɗanda suka gina kasuwarsu a can wata bakwai suka yi suna kame-kame. Waɗannan manyan ne da kowa ya ji labarinsu. Ƙananan kullum faruwa suke yi ba mai ji: a wayi gari an rufe wa mace shafinta na Instagram bisa kuskure, ko ɓarawo ya ƙwace shi, mabiyan da ta yi shekaru tana tarawa su tafi a dare ɗaya, kuma ba ofishin da za ta je ta kai kuka. Instagram rumfa ce a kasuwar wani. Ki zauna a cikinta, ki yi ciniki sosai, domin a nan jama'a suke. Amma kada ki manta kayan aro ba ya rufe katara.

Don haka aikin farko, tun kafin maganar shafi, shi ne ki kulle rumfar da kike ciki. A daren yau ki shiga saitin WhatsApp ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ki sa lambobi shida da ke kaɗai kika sani, ki haɗa da imel ɗinki. Ki yi haka a Instagram da Gmail ɗin da kika buɗe su da shi. Kowace kafa da kalmar sirrinta, kada ki yi amfani da ranar haihuwarki ko sunan ɗanki. Hanyar da aka fi sace WhatsApp da ita a garin nan ba wata gwaninta ba ce: a kira ki a ce daga ƙungiyar makarantarku ne ko ta 'yan adashi, za a yi taro a intanet, an turo miki lamba ki karanto. Kina karantowa shi ke nan, an shige da layinki, a fara bin kwastomominki ana karɓar kuɗi da sunanki. Lambar da ta shigo wayarki ba a karanta wa kowa, ko da muryar 'yar'uwarki kika ji. Idan kuma kina amfani da jabun WhatsApp irin su GBWhatsApp, ki rabu da su, domin WhatsApp na rufe layukan da ke kansu. WhatsApp Business za ki sauke, kyauta ne, tun 2018 yake, kuma don irinku aka yi shi.

Aiki na biyu shi ne wanda na fi so ki riƙe a duk amsar nan. Dukiyarki ta gaskiya ba yawan mabiya ba ce, mutanen da suka taɓa ciro kuɗi suka ba ki ne. Su nawa ne? Ina suke? Me suka saya, yaushe? Mafi yawan masu sana'ar da nake zama da su ba sa iya amsa wannan, alhali komai yana nan a warwatse cikin hirarrakin waya. Ki samu littafi mai bango mai kauri, ko ki buɗe Google Sheets idan hannunki ya saba, ki rubuta kowace kwastoma: suna, lamba, gari, abin da ta saya, ranar da ta saya, da kuma dalili idan ta faɗa, ko na biki ne, ko na haihuwa, ko na ɗaki kawai. Ki adana lambobin a asusunki na Google, ba a kan layi ko ƙwaƙwalwar waya ba, don ko waya ta faɗa ruwa suna nan. A watan Satumban 2021 da aka katse layukan sadarwa a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, ba Instagram ba shafin yanar gizo, amma mai littafi da aka dawo da sabis ta san wa za ta kira.

Amfanin littafin nan ya wuce ajiya. Turaren wuta abu ne mai ƙarewa. Matar da ta sayi kwalba yau, kin fi kowa sanin wata nawa za ta yi mata. In lokacin ya kusa, saƙon murya na daƙiƙa ashirin ya isa: a gaisa, a tambayi yara, a ce an haɗa sabo irin wanda ta saya. Wannan tallan ba ki biya kowa sisi ba, kuma ya fi duk wani Boost kawo kuɗi, domin ta riga ta shaƙi ƙamshin kayanki ta yarda da ke. A cikin WhatsApp Business akwai alamomi masu launi da za ki rarrabe mutane da su, sababbi daban, masu jiran kaya daban, masu sari daban. Akwai katalog inda za ki jera kaya da hoto da farashi, ki huta da tura hoto ɗaya sau hamsin a yini. Akwai kuma jerin aika saƙo ga mutane da yawa a lokaci guda, yana ɗaukar mutum 256, amma ki lura, sai wadda ta adana lambarki ce saƙon zai isa gare ta. Haka sitatus ma. Shi ya sa duk wadda ta yi ciniki da ke, kalma ta ƙarshe ita ce, "Hajiya a yi sebin ɗin lambata." Abin da ban yarda da shi ba shi ne jefa mutane cikin guruf ba da izininsu ba, ko sayen tarin lambobi a hannun wani. Yana zubar da mutuncin sana'a, yana jawo a kai ƙarar layinki a rufe shi, kuma tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan.

Yanzu maganar Boost. Ba cutar ki aka yi ba, abin da kika nema aka ba ki. Na'urar tallan Meta tana bin manufar da aka zaɓa mata ne sau da ƙafa. Idan aka bar ta a kan neman masu kallo da masu laik, za ta zaƙulo mutanen da ɗabi'arsu ke nan, su danna su wuce, ko da samari ne a Fatakwal da ba su taɓa kunna kasko ba. Abin da za ki zaɓa shi ne manufar saƙonni, yadda duk wadda ta taɓa tallan za ta faɗo kai tsaye cikin WhatsApp ɗinki. Sannan ki taƙaita wurin. Kada ki ce Najeriya duka. Ki fara da inda kike iya kai kaya cikin sauƙi, Kano da kewaye, in ya kankama ki ƙara Kaduna da Abuja. Ki zaɓi mata, ki sa shekarun da kika san su ne masu sayen kayanki. Ki bar tallan ya yi kwana biyar zuwa bakwai da kuɗi kaɗan kullum, ya fi ki zuba kuɗin duka a yini ɗaya. Ki kuma sa a lissafi cewa tun farkon 2022 ana ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan kuɗin tallan.

Ga lissafin da zai raba ki da asara, kuma ba ya bukatar kwamfuta. A matsayin misali, kin kashe naira 20,000, mutum 40 suka yi miki magana, biyar suka saya. Ke nan kowace mai saye ta tsaya miki a kan 4,000. Idan ribarki a oda ɗaya 3,000 ce, a zagayen farko kin faɗi da dubu ɗaya a kan kowacce. Amma idan uku daga cikinsu suka dawo bayan wata biyu saboda kin rubuta su a littafi kin neme su, tallan ya biya kansa har da riba. Kin ga yadda littafin da tallan suke hannu ɗaya. Laik ba ya shiga wannan lissafin ko kaɗan. Haka za ki auna 'yan fim da 'yan TikTok masu karɓar kuɗin talla: kowanne ki ba shi kalma tasa daban, ki ce duk wadda ta ambace ta za a rage mata wani abu, sai ki ƙirga. Za ki sha mamaki, wani lokaci mai mabiya dubu goma da matan aure ke saurara ta fi mai miliyan kawo ciniki. Sayen mabiya na bogi kuwa kada ki kusance shi, taron fatalwa ne, ba sa saye, kuma suna rage yawan mutanen gaske da ke ganin abin da kika ɗora.

Wani abu da ya shafi sana'arku musamman: ƙamshi ba ya bin waya. Mai atamfa hoto ya ishe ta, ke kuwa cinikin biri a sama ake yi da ke, sai an yarda da ke tukuna. To ki sayar da yardar. Ki ɗauki bidiyon hannunki kina jiƙa itacen, kina soya shi da sukari, kina zuba shi a kwalba, hayaƙi na tashi daga kasko. Ba sai fuskarki ta fito ba. Ki yi bayani da bakinki da Hausa, ki faɗi wanne ne na tsuguno, wanne ne na kaya, wanne ne na falo idan za a yi baƙi, wanne ne ke kama labule ya kwana. Ki yi ƙananan kwalabe na gwaji masu araha. CapCut ya isa gyaran bidiyo, Canva ya isa rubuta farashi a kan hoto, hasken taga da safe ya fi kowace fitila. Ki rubuta farashi a fili, wannan al'adar ta "a zo inbok" tana korar masu kunya da masu sauri, kuma su ne suka fi yawa. In za ki nuna yabon da wata ta yi miki, ki nemi izininta, ki rufe sunanta da lambarta. Sannan ki kiyayi alƙawarin da ya wuce turare, irin su mallaka ko gyaran aure. Ban da nauyin da ke kansa a wajen Allah, dokokin tallan Meta ba sa barin irin wannan, kuma yana cikin abubuwan da ke sa a rufe asusun talla.

Akwai wani abu na kyauta da mata masu sana'a a gida ba su cika yi ba, wato rajista a Google Business Profile. Shi ne ke sa idan baƙuwa ta sauka Kano ta rubuta "turaren wuta Kano" a Google, sunanki ya fito da lambar waya da hotuna da ra'ayin waɗanda suka saya. Na san damuwar, ba kya son adireshin gidan aurenki ya bazu a duniya. Akwai zaɓin ɓoye adireshi, ki nuna yankunan da kike kai kaya kawai. Wadda ta nemo ki ta Google da niyyar saye ta zo, ba kamar mai zagaya Instagram don rage dare ba.

Batun kuɗi kuma, ki yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, ki buɗe asusun banki da wannan sunan. Mace a Abuja da ba ta taɓa ganinki ba, idan ta sa lambar asusu ta ga sunan da ke kan shafinki ya fito, hankalinta ya kwanta. Idan ta ga sunan ƙaninki, sai ta fara tunani. Kada ki saki kaya a kan hoton rasit ko alat na saƙon waya, ki buɗe manhajar bankinki ki ga kuɗin da idonki.

To, sai shafin. In kin yi waɗancan, shafi ya zama gidanki na kanki, wurin da ba mai tashin ki. Abubuwa biyu ake biya duk shekara: sunan shafin, wanda muke kira domen, da masaukin da ake ajiye shi, wato hostin. Sunan da ya ƙare da .com.ng ko .ng yana ƙarƙashin hukumar NiRA, ana sayensa a hannun dillalan da ta amince da su, da naira, don haka tashin dala ba ya dukansa kai tsaye kamar .com. Ki zaɓi suna gajere wanda in kin faɗe shi a saƙon murya za a iya rubuta shi ba kuskure, ba lambobi, ba ɗan layi a tsakiya, ba harafi mai ƙugiya.

A nan nake so ki buɗe kunne sosai, domin a nan aka fi cutar mutanenmu. Wani ɗan kasuwa mai sayar da yadi ya taɓa zuwa wurina hankali a tashe. Wanda ya gina masa shafi ya yi rajistar sunan da imel ɗinsa shi mai ginin, daga baya ya bar gari, layinsa ya daina shiga. Shekara ta zagayo, saƙon sabuntawa yana ta zuwa akwatin da ba mai dubawa, sunan ya faɗi, wani a ƙasar waje ya saye shi. Alhajin nan ya buga adireshin a ledojinsa da katunansa da allon shagonsa. Ba abin da na iya yi masa illa mu sake sabon suna daga farko, ya yi asarar ledojin da shekarun da ya yi yana tallata tsohon. Don haka domen da sunanki, da imel ɗinki, da lambarki za a yi shi, ke za ki biya da katinki, ke za ki riƙe kalmar sirri. Haka hostin. Mai gini magini ne, ba a rubuta takardar fili da sunan magini.

Shafin da kike bukata ƙarami ne. Shafi ɗaya zuwa uku: kayanki da farashinsu, ke wace ce kuma tun yaushe kike sana'ar, yadda ake biya da yadda kaya ke isa, ko ɗan sahu ne a cikin gari ko mota a tasha zuwa wasu jihohi, da kwana nawa yake ɗauka. A ƙarƙashin kowane kaya a sa maɓallin da ke buɗe WhatsApp ɗinki. Ana yin sa da adireshin wa.me, a biyo shi da lambarki ta fara da 234 ba tare da sifilin farko ba. Mutanenmu suna son a gaisa, a yi tayi, a ji murya kafin a tura kuɗi, kada a toshe musu wannan ƙofar da sunan zamani. Idan oda ta yi yawa har ta fi ƙarfin hira, sai a jona kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet irin su Paystack ko Flutterwave mutum ya biya da kansa, su kuma suna cire ɗan kasonsu a kowane ciniki. A gina shi da WordPress, manhajar gina shafuka wadda sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya ke kanta. Hikimar ita ce ko kun rabu da yaron nan, duk garin da kika je za ki samu wanda ya iya shi.

Ki matsa masa a kan nauyi. Kwastomominki da waya suke shiga, da yawa a kan sabis mai rauni, kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowa lissafin megabait ɗinsa yake yi. Hoton da wayarki ta ɗauka yakan kai megabait uku zuwa biyar. A shafi bai kamata ya wuce kilobait 150 zuwa 200 ba, kuma Squoosh ko TinyPNG za su matse shi kyauta ba tare da ya dushe ba. Ba kiɗa, ba bidiyo mai kunna kansa, ba hotuna masu shawagi. Gwajin da na fi yarda da shi ya fi na kowace manhaja: ki karɓi ƙaramar wayar mai aikinki ko ta wata 'yar'uwa, ki kashe wayfai, ki buɗe shafin. In kin ƙirga biyar bai buɗe ba, aiki bai ƙare ba. Adireshin kuma lallai ya fara da https, domin tun Yulin 2018 manhajar buɗe shafuka ta Chrome ke yi wa shafin da ba shi da shi tambarin rashin tsaro. Takardar tsaron da ke ba shafi wannan https ɗin kyauta ce ta hanyar Let's Encrypt, yawancin masu hostin suna haɗawa da ita, kada a caje ki kuɗinta daban.

Rubutun shafin ki yi shi da kalmomin da masu saye ke bugawa da yatsunsu, ba da Turancin burga ba. Mafi yawan mutane "kamshi" suke rubutawa ba ƙugiya, wasu "humra" wasu "khumra", wasu su ƙara "na Maiduguri" ko "na amare". Ki bar waɗannan su fito a cikin bayanin kayan yadda magana ta kawo su, da Hausa da ɗan Turanci a ƙasa saboda waɗanda ba sa jin Hausa. A jona shafin da Google Search Console, kyauta ne, bayan 'yan makonni zai riƙa nuna miki ainihin kalmomin da aka rubuta aka same ki. Daga nan za ki san abin da za ki ƙara haɗawa kafin azumi da lokacin bukukuwan bayan Sallah, kuma tallan Sallah tun kafin azumi ya raba ake fara shi, ba ranar jajibere ba.

Shafi kuma kamar ɗaki ne, yana son shara. A riƙa sabunta WordPress da 'yan manhajojin da aka jona masa, domin ta tsofaffin ne ɓarayi ke shiga. A riƙa ɗaukar kwafinsa ana ajiyewa a Google Drive ɗinki aƙalla sau ɗaya a wata. Ranar sabunta domen ki rubuta ta a bangon littafin nan naki.

Idan yaron ya dawo, kada ki kore shi, wataƙila ya iya aikinsa kuma yana neman halalinsa ne. Ki ce ya nuna miki shafuka biyu da ya gina waɗanda ke aiki yanzu, ki buɗe su a wayarki, ki kira masu su ki ji yadda suka rabu. Ki tambaye shi nawa za ki riƙa biya duk shekara bayan kuɗin gini, ya rubuta miki a takarda. Ki ce a gabanki za a yi rajistar domen da imel ɗinki, kuma zai zauna ya koya miki sauya farashi da ɗora hoto da kanki. Ki ba shi rabin kuɗi, sauran sai ranar da kika shiga shafin da kalmar sirrinki, kika canza farashin kwalba ɗaya da hannunki, kika ga ya canza a wayar wata.